Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malaman Jami'o'in Kano Masu Bincike Kan Tarin Bayanai da Birni Mai Wayo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamaina, Allah ya ƙara muku sani, ya sa al'umma ta ci moriyarsa. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali da ɗalibai, ni mazaunin Kurna ne. Na yi shekaru ina aikin rigakafin shan inna a matsayin mai sa ido kan ayarin masu ɗiga wa yara magani gida-gida, yanzu kuma ina sayar da kayan gini. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a tsakar gidana, wanda ya tsaya mini a rai har yau.

'Yata ta fari ta yi digiri na biyu a fannin kwamfuta a wata jami'a a nan Arewa. Wani dare bayan sallar isha'i, wuta ta ɗan zo, sai ta kira ni ta ce, "Baba, zo ka ga aikina." Na ja tabarma na zauna kusa da ita. A fuskar kwamfutar akwai taswirar gari, ɗigo-ɗigo suna yawo a kan tituna kamar tururuwa, wani titin ya yi ja, wani ya yi kore. Ta ce manhajar da ta haɗa tana iya faɗin inda cunkoso zai taru tun kafin ya taru. Wallahi na ji daɗi har zuciyata. Na nuna wani jan layi na ce, "Wannan hanyar Katsina ce ko ta Zariya?" Sai ta yi shiru, can ta ce, "Baba, wannan New York ce. Bayanan motocin tasi na can ne, hukumarsu ta saka su a intanet kyauta."

Ba don ba ta nema ba. Ta karɓi wasiƙa daga sashensu ta kai wani ofishi da ke da hannu a harkar sufuri. Zuwan farko aka ce oga ya tafi taro. Na biyu aka ce takardar ba ta sauko ba. Na uku ni na raka ta, wani ma'aikaci mai kirki ya ja mu gefe ya ce gaskiya abin da take nema babu shi a haɗe, yana warwatse cikin littattafan rasit da fayiloli, kuma ko da akwai ba wanda zai sa hannu a ba ta. Lokaci yana ƙurewa, malaminta ya ce ta sauko da na ƙasar waje ta gama. Ta gama, ta ci da sakamako mai kyau, aka yi wa kundin bango mai kauri, aka jera shi a kanta. Ban ga laifinta ba, ban ga na malaminta ba. Amma yarinyar da take kwashe kusan awa guda a cikin adaidaita sahu kowace safiya ta ƙare shekara biyu tana warware cunkoson wani gari da ba ta taɓa takawa ba.

Maganata guda ce, malamaina. Kano ba ta san adadin kanta ba, kuma babu wanda ya fi ku cancantar ya ƙirga ta. Kafin a kai ga na'urori masu hasashe da fitilun titi masu tunani, akwai aikin da ya riga su: a fita, a auna, a rubuta, a ajiye inda kowa zai samu. Ni a ganina wannan shi ne binciken, kuma shi ne aka fi gudu.

Ku duba inda muke. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta a 2006, ta ba jihar Kano mutum sama da miliyan 9. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yanzu ya isa aure. Unguwannin da a lokacin gonaki ne, irin su bayan Rijiyar Zaki da Ɗanbare da gefen Gunduwawa, yau gidaje ne iya ganin ido. Duk wanda ya ce muku ga yawan mutanen birnin Kano a yau, kintace yake yi.

A watan Afrilu na 2020 mun ga abin da rashin lissafi ke jawowa. Mutane, musamman dattawa, suka riƙa rasuwa fiye da yadda aka saba. Wa ya fara lura? Masu haƙar kabari. Su ne suka ce kaburburan da suke haƙawa a wuni sun ninka. Babu wata rajistar mace-mace da za a buɗe a kwatanta da ta bara. Sai da aka bi maƙabartu da gidajen mamata ana tambayar iyalai yadda ciwon ya kama su, sannan Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya fito ya ce an lissafa mutum 979, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye da rabi cutar korona ce. Na rasa aminin mahaifina a wannan watan. Garin da ke da farfesoshi a fannin sarrafa bayanai, sai ga shi ma'ajiyar bayanansa ita ce ƙwaƙwalwar mai riƙe da diga da shebur. Allah ya saka wa waɗannan bayin nasa da alheri. Ina tambaya, daga lokacin zuwa yau, shin an gina wani tsari mai sauƙi, ko da na saƙon waya ne, da mai kula da maƙabarta zai riƙa aiko da adadin kowace rana? Wannan aikin ɗalibi ɗaya ne mai himma da malami ɗaya mai bibiya.

Ina faɗin haka da ƙarfin gwiwa saboda na ga ranar bayanai da idona. Lokacin da na fara aikin rigakafi, taswirar da muke aiki da ita zanen hannu ce. Jami'in mazaɓa zai ɗauki takarda da biro ya zana masallaci, ya zana rijiya, ya ja layi ya ce ayari kaza ku bi nan. Muna komawa da yamma da takardun ƙirga a cike, kowa ya ce ya gama yankinsa, amma cutar tana ci gaba da ɓullowa. Daga wajen 2012 aka fara kawo taswirar da aka haɗa daga hoton tauraron ɗan'adam, aka kuma ba kowane ayari waya mai nuna inda aka taka. Ba a buƙatar su danna komai, a jaka take. Da yamma a karɓe ta a sauke abin da ta ɗauka. Ƙungiyar eHealth Africa da ke nan Kano tana cikin waɗanda suka riƙe wannan aiki.

Ba zan manta wani taron bitar yamma ba. Aka haska taswirar mazaɓarmu a bango, ko'ina ya cika da sawun ayari, sai wani ɗan yanki a bayan kududdufi ya fito fari fat. Gidaje ne wajen talatin a wani lungu da ba ya ɓullewa. Ayarin gabas sun ɗauka na ayarin yamma ne, na yamma sun ɗauka na gabas ne. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi ha'inci, kawai dai zanen biro bai san da lungun ba. Washegari na shiga da kaina. Wata tsohuwa tana tankaɗe a ƙofar gida ta ce, "Ɗan nan, ai mu mun ɗauka an cire mu ne." Muka ɗiga wa yaran gidajen kaf. Yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a jihar Kano an same shi a Sumaila a watan Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ba taswira kaɗai ta yi wannan ba, akwai sarakuna da malamai da matan da suka sha rana. Amma taswirar ce ta nuna mana inda muke tsallakewa.

Abin da ke damuna shi ne, wancan aiki da kuɗin waje aka yi shi, don cuta guda. Daga baya shirin GRID3 ya faɗaɗa irin waɗannan bayanai, na matsugunai da asibitoci da makarantu da ƙiyasin yawan jama'a, ya kuma saka su a fili kowa ya ɗauka. Masu bincike na Jami'ar Southampton ta Ingila suna cikin masu yin ƙiyasin. Wato wani yana zaune a Ingila yana lissafa rufin kwanon Dorayi, mu kuma ɗalibanmu suna lissafa tasin New York. Ɗalibai nawa ne a sassanku aka tura su ɗora bincike a kan wannan taska, ko su fita su gyara kurakuranta, tunda su ne suka san inda wata unguwa ta ƙare wata ta fara?

Na san ana yawan kawo misalin Songdo ta Koriya ta Kudu da Masdar ta Abu Dhabi idan ana maganar birni mai wayo, wato garin da na'urori ke tattara bayanansa ana tafiyar da shi da su. Waɗannan garuruwa ne da aka gina daga tushe a kan fili, da dukiya mai yawa, aka binne wayoyi kafin mutane su tare. Kano ta haura shekara dubu a zaune. Ba abin da za mu koya a can sai sha'awa.

Ga waɗanda suka yi kama da mu. A Nairobi, motocin haya da ake kira matatu ba su da taswira, sai wanda ya sani ya sani. A 2013 Jami'ar Nairobi tare da abokan aiki daga Jami'ar Columbia da MIT ta Amurka suka tura ɗalibai da wayoyi suka hau motocin nan layi-layi, suna ɗaukar hanya da wuraren tsayawa. A 2014 suka fitar da taswirar layuka sama da 100, daga baya har ta shiga Google Maps. Ba su jira gwamnati ta ba su fayil ba, su suka ba gwamnati. To mu fa? Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ya zama ƙafar talakan Kano. Kowane direba ya san layinsa: Bata zuwa Kurna, 'Yan Kura zuwa Kabuga, Hotoro, 'Yan Kaba, Sharaɗa. Ya san ƙarfe nawa Ƙofar Ruwa ke cushewa, ya san inda mata ke daɗewa a tsaye ba su samu abin hawa ba. Duk wannan ilimi yana cikin kawunansu, ba a rubuce ba. Ana gina gadar sama da ta ƙasa da biliyoyin naira, ni kuma ina so in ga malamin da zai fito ya ce mun ƙirga abin hawan da ke wucewa nan kafin gada, mun sake ƙirgawa bayan gada, ga abin da ya canja. Ɗalibi 50 da wayoyinsu da kuɗin mota na zango ɗaya sun isa su fara.

Sai ruwa. A watan Agustan 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari, ta jiƙa atamfa da shadda da yadi na maƙudan kuɗi. Kowa ya yi magana, aka ce gini ne a kan magudanan ruwa. Duk dattijon Kano zai gaya muku cewa kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a cikinsu tun zamanin kakanni su ne ke shanye ruwan sama kafin ya gangara Jakara, kuma an cike da yawansu an yi gini. Amma guda nawa ne a da, nawa suka rage, ruwan da kowanne ke ɗauka ina yake tafiya yanzu? Hotunan sama na shekarun baya suna nan, na yanzu ma suna nan. A Darussalam ta Tanzaniya, tun 2015 ɗaliban Jami'ar Ardhi da Jami'ar Darussalam suka shiga unguwannin da ambaliya ke ci, ƙarƙashin shirin Ramani Huria, tare da mazauna wurin, suka zana gida-gida da kwata-kwata, har da inda ta toshe. Ni mai sayar da siminti ne, na san unguwannin da ake zuwa sayen buhu biyu-uku duk ƙarshen damina don a tayar da katangar da ta faɗi. Fuskokin nan ɗaya ne kowace shekara. Ma'aunin ruwan sama da ke filin jirgi ba zai gaya muku abin da ya sauka a Gwammaja ko Fagge ba. Idan aka dasa ƙananan ma'aunai a makarantun firamare, malamin kimiyya yana karantawa yana turowa, cikin damina uku za ku mallaki abin da ba wanda ya taɓa mallaka game da garin nan.

Akwai kuma wata taska da ba a ɗauke ta taska ba, wato bakin mutane. Kanawa ba sa cike fom a intanet, amma suna kiran rediyo. Shekara da shekaru ana bugo waya a shirye-shirye irin su Inda Ranka na Freedom Radio da makamantansu a sauran tashoshi: taransifomarmu ta ƙone wata huɗu, bola ta cinye titinmu, famfo bai kawo ba tun azumi, 'yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka. Kowane kira yana ɗauke da sunan unguwa da rana da irin matsala. Idan wannan ba tarin bayanai ba ne, ban san mene ne ba. Abin da ya rage shi ne na'urar da za ta ji Hausa ta mayar da ita rubutu ta tantance. A nan dole in yaba, domin akwai 'ya'yan Jami'ar Bayero cikin waɗanda suka haɗa NaijaSenti a 2022, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Burokan Inglishi da aka tantance don koya wa kwamfuta gane yabo da suka, kuma suka bar shi a buɗe ga duniya. Wannan ya nuna ana iyawa a nan gida. Ina roƙon a haɗa masu wannan fanni da masu nazarin birni su zauna tebur ɗaya.

Sai dai ina jan hankalinku kan amana, don na ɗanɗana rashinta. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har zuwa 2004, kuma mu da muka zo daga baya mun sha rufe ƙofa a fuska saboda shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk ɗalibin da zai shiga lungu da waya yana ɗaukar hoton gida, dole a fara tambayarsa: haraji za a sa mana, ko rusau za a yi? Tambaya ce mai tushe. Ko a Toronto ta Kanada, kamfanin Sidewalk Labs, ɗan uwan Google, ya so gina unguwa mai cike da na'urorin sa ido, mutanen gari suka yi ta tambayar wa zai mallaki bayanansu, har kamfanin ya janye a watan Mayun 2020, yana mai cewa yanayin tattalin arziki ne. Yanzu muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ku koya wa ɗalibai ita kamar yadda kuke koya musu rubuta manhaja. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci da limami, a yi bayani da Hausa, a cire sunaye, kuma a dawo a nuna wa mutane abin da aka samu. Wannan dawowar ita ce aka fi mantawa da ita. Mai unguwa dai shi ne tsohon tsarin bayanan garin nan, shi ya san baƙon da ya sauka da gidan da aka sayar. Tun zamanin En'e akwai malaman taki da ke auna gonaki da sawu suna rubutawa, kuma a farkon shekarun 1960 an yi wa birnin Kano tsarin raya gari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya jagoranta. Ƙirga ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sakaci ne ya shiga tsakani.

Ban jahilci halin da kuke ciki ba. Aji ya cika ya batse, wuta sai an tayar da janareta, albashi ba ya kai wata, kuma ƙarin girma yana rataye ne da yawan maƙalun da aka buga a mujallu. Wanda ya sauko da bayanan waje zai fitar da maƙala uku kafin mai yawo a kwatocin Fagge ya fitar da ɗaya. Wannan gyaransa yana hannun majalisun jami'o'inku, kuma ku ne a cikinsu. Ku sa a riƙa lissafa tarin bayanan da malami ya tattara, ya tsabtace, ya buɗe wa jama'a a matsayin aikin da ake ba maki. Idan za ku nemi tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ku nema a haɗe, sashen kwamfuta da na labarin ƙasa da na tsara birane da na Hausa, kuma Jami'ar Bayero da ta Wudil da sauran su yi ma'ajiya guda, ta yadda ɗalibin bana zai ɗora daga inda na bara ya tsaya. Ofishin da ya juya ɗaliba ita kaɗai da wasiƙa a hannu zai yi wuya ya juya shugabannin jami'a uku da suka zo da yarjejeniya a rubuce, ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011.

'Yar tawa yanzu tana shirin neman digiri na uku. Na ce mata in dai da yardata take so, wannan karon Kano za ta yi. Ta ce ta yarda, in za ta samu malamin da zai tsaya mata idan aikin ya ɗauki lokaci. Shi nake nema a cikinku. Ni kuma tawa gudummawar ita ce ƙafata da sanin lungu. Na riga na yi magana da mai unguwarmu da shugaban tashar adaidaita sahu da ke bakin titinmu, dukkansu sun ce a zo. In kun turo ɗalibai kafin ruwan farko ya sauka, zan fara kai su kwatar da ke bayan shagona, wadda take tumbatsa duk watan Agusta.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani uba, mazaunin Kurna, Kano